Wiski da lemo mai ɗaci: me ke kashe gas ɗin, kuma daga ina baurin yake?

Sabon_Hannu
Barkanmu da war haka, jama'a. Tambaya gare ni ga manyan wannan zaure. Haɗin wiski da bitter lemon ne: mil 50 na bourbon (wiskin Amurka na masara), mil 100 na lemon, ƙanƙara uku ko huɗu, a jefa yankan lemun tsami a ciki. Kurɓin farko lafiya lau. Amma kafin minti biyar gas ya gudu, abin ya yi salam, sai wani ɗaci ya maƙale a bayan harshe ya ƙi tafiya. Ina matsalar take? Awon ne, ko wiskin, ko lemon kansa? Don Allah a warware mini filla-filla.

Mai_Awo
Ƙanena, fara da lissafi. Wiski mai ƙarfin kashi 40 cikin 100, mil 50 ɗinsa na ɗauke da barasa zalla mil 20. Ka zuba a cikin mil 100 na lemo, jimla 150, ƙarfin haɗin ya haura kashi 13 ke nan. Wannan ƙarfin giyar inabi ne, ya yi wa dogon kofi yawa. Ita kanta barasa tana da ɗaci da zafi a harshe, to ga kwinin, sinadarin ɗacin da ke cikin lemon, sun haɗu sun yi maka taron dangi. Ka koma ɗaya bisa uku: wiski mil 45, lemo mil 135. Jimla 180, barasa mil 18, kashi 10 cif. Idan ƙanƙara ta narke kamar mil 30, ya sauko wajen kashi 8 da rabi. A nan ne ƙamshin wiski ke fitowa ba tare da ya ƙona baki ba.

Tsohon_Kanta
Lissafin Mai_Awo daidai ne, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Ku dubi abin da yaron ya ce: ƙanƙara uku ko huɗu. Nan ɓarnar take. Komai kyan awo, idan kayan ba su yi sanyi ba, haɗin ya mutu tun kafin a kai shi baki.

Ga yadda ake yi. Lemo ya kwana a firij, ba a saka shi saura rabin awa ba. Kofi dogo siriri mai cin mil 300 zuwa 350, a sa shi a firiza minti goma sha biyar. A cika shi da ƙanƙara har baki, kada a bar fili. A zuba wiski, a juya shi da dogon cokali kamar sau goma, shi kaɗai da ƙanƙarar, har jikin kofin ya yi raɓa. Ƙanƙara za ta ɗan zauna, a ƙara ɗaya ta cike gurbin. Sai yanzu za a buɗe lemon, ba tun farko ba. A karkata kofi, a tsiyaya a hankali ta jikin gilashi, kada ruwan ya daki kan ƙanƙara. A zura cokali har ƙasa, a ɗago ƙanƙarar sau ɗaya, a zare. Shi ke nan. Ɓawon lemun tsami kuma a murɗe shi a saman kofin don man ya fesu, a ɗora ko a yar.

Kumfa_Kumfa
Zancen baba dutse. Rabin korafin da ake yi kan irin wannan haɗi, ɗumi ne ya jawo shi.

Sabon_Hannu
Na gode, baba. Amma abin da ya ɗaure mini kai, ai na zaci yawan ƙanƙara shi ke ƙara ruwa. Yaya cika kofi da ita zai hana abin ya yi tsululu?

'Yar_Kimiyya
Mutane da yawa haka suke zato, amma akasin haka ne. Ƙanƙara ba ta sanyaya abu sai ta narke, kuma kowane giram ɗaya da ya narke yana zuƙe zafi kalori 80. Ɗauki ruwan haɗi mil 180 da ke kan digiri 25. Kafin ya sauko kusa da sifili sai an cire masa wajen kalori 4,500, wato sai ƙanƙara giram 56 ta narke a ciki. Idan kuwa daga firij ya fito yana kan digiri 4, abin da zai narke bai kai giram 10 ba. Ka ga ɗumin kayan ne ke kawo ruwa, ba yawan ƙanƙara ba. Guda uku a ruwa mai ɗumi za su ƙare kafin su gama aikinsu, daga nan haɗin ya fara ɗumama. Cikakken kofi kuwa nan da nan yake kai ruwan ƙasa, ya riƙe shi a can.

Gas ɗin ma da sanyi yake tafiya. Iskar da ake ɗura wa lemo ta fi zama a ruwan sanyi; da ya ɗumama sai ta nemi hanyar fita. Kuma tana son wurin da za ta kama ta zama ƙwayar kumfa: kaushin ƙanƙara, ɓarɓashin lemun tsami, ƙwayar sukari, har zaren tawul ɗin da aka goge kofi da shi. Shi ya sa ya fi kyau a ɗauraye kofi a kife shi ya bushe da kansa.

Mai_Awo
Na yarda da maganar sanyi, ban musa ba. Sai dai ko an sanyaya komai, ɗaya bisa biyu da bourbon zai yi ɗaci. Ba za a raba ni da wannan ba.

'Yar_Kimiyya
Malam Mai_Awo, bari mu raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai ɗaci, akwai bauri. Ɗaci ɗanɗano ne, yana zuwa daga kwinin da kuma farar tsokar ɓawon lemo. Bauri kuwa shi ne wannan bushewar da ke kama harshe da dasashi, irin ta shayin da ya daɗe a jiƙe, kuma daga katako yake zuwa. Dokar Amurka ta ce dole bourbon ya kwanta a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta, sabon katako kuwa yana sakin bauri sosai. Idan ka sha shi zalla, zaƙin masara da ƙamshin banila na rufe shi. Da ka sanyaya shi ka haɗa da kwinin, zaƙin ya ja baya, baurin ya fito fili, ya hau kan ɗacin. Abin da Sabon_Hannu ke ji a bayan harshe, su biyun ne tare.

Sannan yankan lemun tsamin da ya ce yana jefawa, shi ma yana da laifi. Farar tsokar tana jiƙe a cikin barasa, tana sakin ɗaci minti bayan minti. Ga shi ɓarɓashinsa na korar gas. A fere ɓawon sama-sama, launin kawai, a bar farin.

Ganga_Uku
To tunda an zo kan wiski, ga nawa ra'ayin. Bitter lemon ya fi jituwa da wiski mai sauƙin katako. Na Ayalan irin Jameson, ko Scotch ɗin haɗi (wiskin Scotland da aka gauraya) mara hayaƙi sosai. Su yawanci a tsofaffin ganguna suke kwanciya, waɗanda bourbon ya riga ya zuƙe ƙarfinsu, don haka baurinsu kaɗan ne. Idan kuma lallai sai bourbon, a nemi wanda aka yi da alkama maimakon hatsin rye, kamar Maker's Mark. Ya fi laushi. Wiskin da ya shekara goma sha biyu ko fiye a sabon katako kuwa, zuba shi a wannan lemo asara biyu ce: ba ka ji wiskin ba, ka kuma ɓata lemon.

Ɗan_Rye
Oga Ganga_Uku, a yi wa wiskin rye adalci. Da bitter lemon, na yarda, yana yin kaifi da yawa. Amma canza masa lemo ka gani. Rye da lemon girefurut (grapefruit, babban lemo mai ɗaci-ɗaci) irin Ting na Jamaika, mil 45 da mil 120, sai ɓawon girefurut a sama. Yajin rye da ɗacin girefurut ba sa faɗa, domin ɗacin girefurut ba ya daɗewa a harshe kamar na kwinin. Wani sinadari ne daban, narinjin. Kada mu ce "lemo mai ɗaci" kamar duk abu ɗaya ne.

Ganga_Uku
Wannan gaskiya ne. Maganata a kan mai kwinin ce kaɗai.

Hayaƙi
Ba wanda ya taɓo masu hayaƙi. Wiskin tsibirin Islay, irin Laphroaig ko Ardbeg, idan aka yi haɗin da shi zalla, hayaƙin da kwinin sukan haɗu su ba da ɗanɗanon magani. Amma a yi haɗin da Scotch mai sauƙi mil 40, bayan an zuba lemo a tsiyaya mil 5 na mai hayaƙin a sama, cokalin shayi ɗaya. Hanci zai ji hayaƙi a kowane kurɓi, harshe kuma ba zai wahala ba. Kada a juya bayan an zuba shi.

Uwar_Girki
Duk kun yi bayani mai kyau, amma akwai gyaran da ya fi kowanne sauƙi: gishiri. Gishiri kaɗan yana danne ɗaci a harshe, ya fito da zaƙi da ƙamshin lemo. A narka giram 20 na gishiri a giram 80 na ruwa, a zuba a 'yar kwalba mai ɗigo. Ɗigo biyu zuwa huɗu a kofi ɗaya. Idan har ka ji gishirin a baki, ya yi yawa.

Kumfa_Kumfa
Anti, ai gishiri na kashe gas. Ki barbaɗa shi a lemo ki ga yadda zai tashi ya zube.

Uwar_Girki
Ɗana, sake karanta abin da na rubuta. Ƙwayar gishiri ce ke tayar da kumfa, saboda kaushinta, kamar yadda 'Yar_Kimiyya ta faɗa a sama. Narkakke ba shi da ƙwaya. Kuma a kan wiski ake ɗiga shi, a juya tare da ƙanƙara, tun kafin a buɗe lemon. Duk abin da za ka ƙara, gishiri ne, ruwan sukari ne, ruwan lemun tsami ne, wurinsa kafin lemo. Bayan lemo ba a ƙara komai sai ɓawo.

Kumfa_Kumfa
Na gane yanzu. A yi haƙuri, anti.

Zuma_Zalla
Ni ina ganin gishiri na taimakawa kan ɗaci, amma bai cika taɓa bauri ba. Bauri sai zaƙi mai kauri. Zuma a gauraya da ruwan ɗumi daidai wa daida, a bari ya huce, mil 5 zuwa 7 a kofi. Kada a zuba zuma zalla a kan ƙanƙara, daskarewa take yi ta manne a gindin kofi. Bourbon da girefurut da zuma tsohon haɗi ne, shi ne Brown Derby, tun shekarun 1930 ake yin sa a Amurka. Idan ana son dogonsa mai gas: bourbon mil 45, ruwan girefurut sabon matsa mil 30, ruwan zuma mil 10, a girgiza su da ƙanƙara, a tace a kofi, a cike da soda mil 90. Soda dai ba ta shiga abin girgizawa, murfin zai yi tsalle.

Mai_Awo
Zuma_Zalla, wannan na ƙarshen ya yi. Amma ƙara zuma a kan bitter lemon na kwalba fa, an gudu ba a tsira ba. Lemon kwalba ya riga ya sha sukari, wasunsu ba su da nisa da giram 10 a kowane mil 100. An zuba shi ne daidai don ya tare kwinin. Ka ƙara zuma, kurɓi uku na farko za su yi daɗi, daga nan abin ya gundure ka, baki ya yi danƙo. A duba jikin kwalba tukuna a ga adadin sukarin.

Zuma_Zalla
Mil 5 na ce, malam, ba ludayi ba. Kuma don bourbon mai katako na faɗa. Da wiskin Ayalan ba a buƙata.

Tarihi_Madubi
Don ƙarin haske ga masu sha'awa: bitter lemon ɗin Schweppes ya fito ne a 1957, duk da cewa kamfanin kansa tun 1783 Jacob Schweppe ya kafa shi a Janeba. A taƙaice tonik ne, wato ruwan gas mai kwinin, aka ƙara wa ruwan lemun tsami. Amma ba shi kaɗai ne a gidan ba. Italiya na da chinotto, baƙin lemo da ake yi da wani ɗan ƙaramin lemo mai ɗaci da ake nomawa a yankin Savona. Malta na da Kinnie tun 1952, na lemo mai ɗaci da ganyaye masu ƙamshi. Waɗannan biyun sun fi bitter lemon dacewa da bourbon nesa ba kusa ba, saboda akwai ɗanɗanon ƙonannen sukari da kayan ƙamshi a cikinsu, suna tafiya hanya ɗaya da katakon ganga.

Ganga_Uku
Ka taɓo inda ya dace. Bourbon mil 50, chinotto mil 120, ɓawon lemun zaƙi. A nan kam ko ɗaya bisa biyu da rabi ba ya damuwa, saboda tsaminsa kaɗan ne. Abin lura ɗaya: chinotto ba shi da kaifin da zai wanke baki, don haka idan ya yi nauyi a ƙara ruwan lemun tsami mil 5 a kan wiskin.

Hayaƙi
Kuma kada a ƙara masa Angostura, ruwan ɗacin nan na kwalba da ake ɗigawa a haɗi. Na san hannu na saurin zuwa can idan an ga bourbon, amma ɗaci ne a kan ɗaci. Angostura na da saiwar janshiyan mai ɗaci, ɗigo biyu sun isa su rufe ƙamshin chinotto gaba ɗaya.

Ɗan_Rye
A chinotto na yarda. A girefurut kuwa ɗigo ɗaya na gyara.

Mai_Tukunya
Wanda ke son ya mallaki ɗacin da hannunsa, ya yi lemonsa da kansa. Ba wuya.

A wanke lemun tsami manya huɗu da girefurut ɗaya, a fere ɓawon sama-sama ba farin. A zuba sukari giram 200 a kan ɓawon a cikin kwalba mai faɗin baki, a daddanna da cokali, a rufe, a bari ya kwana. Da safe za a ga sukarin ya jiƙe ya zama kamar mai. Man ɓawon ne ya tsotso. A matse ruwan lemukan a samu mil 200, a tace shi da rariya mai laushi sannan da ƙyalle mai tsabta, a zuba a kan sukarin a juya har ya narke, ba wuta. A tsame ɓawon.

Ɗacin kuma daban ake yin sa. Farar tsokar girefurut ɗin nan da aka bari, a yayyanka kamar giram 30, a tafasa a ruwa mil 150 na minti goma, a tace, a bari ya huce. Sai a riƙa zuba wannan ruwan a cikin na farkon cokali-cokali ana ɗanɗanawa. A ɗanɗana shi a sirke da soda, ba zalla ba, domin zalla sukari na ɓoye ɗacin, ka yi ta ƙarawa har ya wuce.

Wajen haɗi: wiski mil 45, wannan ruwan mil 25 zuwa 30, soda mai sanyi mil 120. A ajiye a firij, a shanye cikin mako guda.

'Yar_Kimiyya
Ƙari kaɗan a kan na Mai_Tukunya. Ruwan lemo da aka matse yana ƙara ɗaci da kansa bayan awanni, saboda wani sinadari, limonin, da ke samuwa bayan an fasa ƙwayoyin lemon. Don haka a bar ɗacin ranar farko ƙasa kaɗan da yadda ake so, washegari zai cike. A kuma kula kada 'ya'yan lemon su farfashe wajen matsa, su ne suka fi ɗauke da shi.

Bincike_Nake
Tambaya a gefe. Tunda kwinin daga ɓawon itacen sinkona yake, me zai hana a sayi garin ɓawon a dafa a gida, a samu ɗacin asali?

'Yar_Kimiyya
Don Allah kada a yi. Ɓawon sinkona ba shi da tsayayyen ƙarfi, wani ya ninka wani, kuma a gida ba ka da hanyar auna abin da ka fitar. Garin ma yana ratsa ƙyalle ya shiga ruwan. Idan kwinin ya yi yawa a jiki yana kawo ƙarar kunne, jiri, tashin zuciya da dishi-dishin gani. Kamfanoni da tataccen kwinin suke aiki, suna aunawa. A Amurka doka ba ta yarda ya wuce miligiram 83 a lita ɗaya ba. Ɗacin farar tsokar lemo ya wadatar a gida.

Nas_Mai_Dare
Tunda an shigo maganar lafiya, a bar ni in ƙara. Na ɗaya, girefurut na hana jiki sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini fiye da ƙima. Daga cikinsu akwai simvastatin na rage kitsen jini, da felodipine da nifedipine na hawan jini. Ɗanyen lemo mai ɗaci na Sabil (Seville) ta Sifen shi ma haka yake. Duk lemon kwalbar da ke da ruwan girefurut na gaske ya shiga wannan gargaɗi, balle na Mai_Tukunya. Mai shan magani kullum ya tambayi likitansa.

Na biyu, masu cewa lemo mai kwinin na maganin zazzaɓin cizon sauro, ba haka ba ne. Abin da ake ba babba a sha ɗaya ya kai miligiram 600. Sai ka sha fiye da lita bakwai kafin ka kai wannan.

Na uku, mil 45 na wiski mai kashi 40 yana da barasa wajen giram 14, cikakken sha ɗaya ke nan a ma'aunin Amurka. Sanyi da zaƙi da gas na ɓoye ƙarfinsa, mutum ya shanye kamar lemo. A auna da ma'auni, kada a zuba da ido. Mai ciki da mai tuƙi kuwa babu nasu a ciki sam.

Shayi_Kawai
Ga waɗanda ba sa shan barasa, akwai hanyar samun wannan fasalin. Shayin lapsang souchong na lardin Fujian a Sin, wanda ake busarwa da hayaƙin itacen pine. Giram 10 a ruwan sanyi mil 250, a firij awa takwas, a tace. Mil 60 na shayin, mil 120 na bitter lemon, duk sauran matakan Tsohon_Kanta yadda suke. Da ruwan sanyi ake jiƙa shi don kada baurin ya fito. Idan aka dafa shi da ruwan zafi, matsalar Sabon_Hannu ce za ta dawo ba tare da wiski ba.

Tsohon_Kanta
Mu dawo kan gas, don ita ce rabin tambayar. Abu uku da ban faɗa ba.

Girman kwalba. Ƙaramar kwalba ko gwangwani mai mil 150 zuwa 200, a buɗe a ƙarar. Babbar roba ta lita ɗaya, duk buɗewa gas na fita, kuma filin da ya ƙaru a samanta na ƙara zuƙe na cikin ruwan. Kofi na farko zai yi rai, na huɗu ya mutu. Cokalin da ake zurawa a bakin kwalba wai don ya riƙe gas, ba ya yin komai. Murfi a ɗaure tam, a mayar firij.

Irin ƙanƙara. Manyan dunƙule masu tauri, kai tsaye daga firiza. Wadda ta zauna a bokiti ta jiƙe, ruwan jikinta kaɗai ya isa ya sirka haɗin. Dakakkiya kuwa ba ta da wuri a nan: fuskarta da yawa, kowace fuska na korar gas. Idan ƙanƙara ta daɗe a firiza a buɗe tana ɗaukar warin abin da ke kusa da ita, kuma lemun tsami ba ya ɓoye wannan wari.

Wiskin kansa. Ana iya ajiye kwalbar a firiza. Firizar gida na kan digiri 18 ƙasa da sifili, wiski mai kashi 40 ba ya daskarewa a nan, kauri kawai yake yi. Da shi ba sai an yi juyin farko mai yawa ba.

Ganga_Uku
Baba, a kan na ukun ina da ja. Wiskin firiza na riƙe gas, gaskiya, amma ƙamshinsa na kullewa, kuma tunda ba ya narka ƙanƙara, haɗin na fitowa da ƙarfi fiye da yadda aka lissafa. Wannan ɗan ruwan da ke narkewa a juyin farko yana da amfani, shi ke buɗe wiskin. Firij ya isa.

Tsohon_Kanta
Ya danganta da wiskin, ɗana. Mai sauƙi wanda ba ƙamshi ake nema a wurinsa ba, firiza. Mai ƙamshi, firij. Mutanen Japan da suka ƙware a dogon kofi, kamfaninsu Suntory na ba da shawarar ɗaya bisa huɗu ga wiskinsa Kakubin da soda, kuma duk hankalinsu na kan sanyi da rashin yawan juyi.

Mai_Awo
Ɗaya bisa huɗu da soda ce, baba, wadda ba ta da sukari ba ta da ɗanɗano. Da bitter lemon ɗaya bisa huɗu wiski ya nutse, lemo kawai kake sha.

Bincike_Nake
Zubawa ta jikin murɗaɗɗen cokali fa? Ana yawan nuna shi.

Kumfa_Kumfa
Kyan gani ne kawai. Ruwan na bin murɗin yana karo da ƙarfe, gas na fita tun a hanya. Karkata kofi ya fi.

Sabon_Hannu
Na gode ƙwarai, manya. Abin da na tsinta: a sanyaya komai, a cika ƙanƙara, ɓawo maimakon yanka, a sauko ɗaya bisa uku. Saura biyu. Idan bourbon ne kaɗai a hannu, kuma lemon da ake da shi mai zaƙi ne sosai, yaya za a yi? Sannan wani wiskin da ya taɓa ƙanƙara sai ya yi hazo-hazo, lalacewa ce?

'Yar_Kimiyya
Hazon ba lalacewa ba ce. Wasu wiski ba a tace su da sanyi kafin a ɗura a kwalba, don haka akwai ɗan maiƙo na halitta a cikinsu. Yana narke muddin barasar na da ƙarfi, wajen kashi 46 zuwa sama. Da an sirka an sanyaya sai ya fito ya yi gajimare. Ba ya cutarwa. A bitter lemon ma ba za ka lura ba, tunda shi kansa ba garau yake ba.

Uwar_Girki
Na farkon kuma, raba lemon da soda. Bourbon mil 45, bitter lemon mil 90, soda mil 45. Sukari da kwinin duk sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, gas bai ragu ba. Sai ruwan lemun tsami tatacce mil 5 da ɗigon gishiri uku a kan wiskin tun farko. Soda za a fara zubawa ko lemo, duk ɗaya, in dai a hankali ne.

Zuma_Zalla
Anti, idan aka rage sukarin haka, baurin bourbon zai ƙara fitowa. Abin da ke rufe shi kika cire.

Uwar_Girki
Na cire kwinin ma ai, wanda baurin ke hawa kansa. A haɗa kofi biyu a jere, ɗaya da soda ɗaya da zuma, a bar su minti biyar kafin a ɗanɗana, tunda a minti na biyar ne matsalar take fitowa.

Ɗan_Rye
Duk awon nan na kashi 40 ne fa. Bourbon da yawa 45 ne, masu tambarin bottled in bond kuma 50 cif. Mil 45 na mai 50 yana da barasa mil 22 da rabi. Don a tsaya a kashi 10, ko dai a rage wiskin zuwa mil 36 a kan lemo 144, ko a bar 45 a kai lemon 180, wanda kofin mil 300 cike da ƙanƙara ba zai ɗauka ba.

Mai_Awo
A rage wiskin. Mil 35 ya isa.

Ganga_Uku
Ni kuma da mai 50 ba zan nemi kashi 10 ba. Mil 40 da chinotto 120, a babban kofi, a bar ƙanƙara ta yi sauran. Da bitter lemon ne ban ga awon da zai gyara shi ba. Hayaƙi, kai me ka gani game da mai 50 da girefurut?